Guguwa ta wuce, wulaƙanci bai wuce ba

Wallahi tura ta kai bango. Jiya da hantsi wata ma'aikaciyar kamfanin inshorar da nake biya duk wata ta tambaye ni a waya ko akwai wani a gidana da ke jin Turanci. Ni da nake biyan haraji a ƙasar nan ta Amurka tun kafin guguwar Harvey ta 2017. Ni da na karanta takardunsu shafi bayan shafi da Turancin nan dai, na sa hannu, ranar da suke neman kuɗina. Har yanzu zuciyata tafasa take yi, kuma na san ba ni kaɗai ba ne.

Ku da ke zaune Houston da kewaye, daga Alief zuwa Sugar Land har can Galveston, ba sai na ba ku labarin 8 ga Yulin 2024 ba. Guguwar Beryl ta sauka kusa da Matagorda, a gaɓar tekun jihar Texas, kafin gari ya waye, a mataki na ɗaya, mafi ƙanƙanta a ma'aunin guguwa, amma gidaje da shaguna sama da miliyan 2 suka rasa wuta. Makonni uku ke nan da Babbar Sallah, firizata cike da naman layya. Kafin wuta ta dawo, da hannuna na kwashe shi cikin baƙaƙen ledoji, ina toshe hanci, ƙudaje na bi na har bakin titi. Surukata mai ciwon sukari ce, allurarta sai da sanyi. Na dinga zagaya gari ina bin layin ƙanƙara, fitilun ba da hannu duk a mace, gidajen mai kuwa layi har ya toshe hanya. In dare ya yi zafi ya hana ta numfashi, mu fito da ita mu zaunar a mota a waje, mu kunna mata sanyi kaɗan, mu kashe don tattalin mai. Duk wannan na haɗiye. Iska ta Allah ce, ba ni da faɗa da ita.

Abin da ya ƙi haɗiyuwa shi ne rufi. Iska ta ɗaye gefen da ke kan ɗakin yara, ruwa ya sauko ta silin, ya jiƙa katifu, ya bi bango. Na hau na ɗaura shuɗin tamfol. Kamfani ya turo mai duba ɓarna, ya kafa tsani, ya leƙa, ya ɗauki hotuna, ko ɗakin bai shiga ba ya ja motarsa. Daga nan sai wasiƙa, sai jira, sai wata wasiƙar. Tamfol ya sha rana ya yage, na sayi wani. Fumfuna ta yi baƙi ƙirin a kusurwar silin, autarmu ta fara tari da dare, muka kwashe yaran zuwa falo, kuma can suke kwana har yau. Ga 1 ga Yuni ta ƙarato, sabon lokacin guguwa zai kama. Shi ya sa na sake ɗaukar waya.

Na'ura ce ta fara amsawa: danna ɗaya, danna uku, faɗi lambar takardarka. Sai kiɗa. Shayin da uwargida ta ajiye mini ya huce, ta mayar ta ɗumama, kiɗa bai ƙare ba. Can dai aka ɗauka. Na buɗe muryar wayar don uwargida ta ji, tunda tare muke cin wannan wahala.

Na gaishe ta. Ba ta amsa ba, lamba ta nema. Na karanto mata, ta nemi ranar haihuwa da adireshi, na ba ta. Ta fara kiran sunana, ta kakare a tsakiya, ta yi 'yar dariya, ta bar shi a nan.

Na ce, "Madam, maganar rufina ce. An rubuto mini an rufe fayil ɗina, ni kuma ko ƙusa ɗaya ba a buga mini ba."

Ta ce, "An rufe, saboda ɓarnar ba ta kai kason da ke kanka ba."

Kun san wannan kason. In iska ce ta yi ɓarna, ba tsayayyen kuɗi ba ne, kashi 2 cikin 100 ne na darajar gidan gaba ɗaya a irin takardar da yawancinmu muke riƙe da ita. Gidan da aka yi wa inshorar dala 250,000, sai ka fara fitar da dala 5,000 daga aljihunka kafin su ba da sisi. To mai duba ɓarnarsu ya ƙiyasta gyarana ƙasa da kasona da ɗan kaɗan. Masu gyaran rufin da na kira kuwa, duk bakinsu ɗaya: sai an sake rufin baki ɗaya.

Na ce mata na aika musu da waɗannan ƙiyasin tuntuni. Ta ce rahotonsu ya nuna sauran lalacewar ta tsufa ce, ba ta iska ba.

Na ce, "Madam, rufin nan bai taɓa ɗigar da ruwa ba sai ranar guguwa. Wane irin tsufa ne wannan?"

Ta ce, "Kana da hoton rufin kafin guguwar?"

Na ce, "Ku kuka turo aka duba shi kafin ku karɓe ni. Hoton yana wurinku."

Shiru. Ina jin ƙarar madannin kwamfuta, ina jin tana taunar wani abu. Na jira ta gama.

Na ce to a bar rufi tukuna, ɗakin yara fa? Silin ya ruɓe, bango ya kumbura. Ta ce, "In ruwa ne, ambaliya ce, kuma takardarka ba ta ɗauki ambaliya ba." Na ce ruwan nan daga sama ya shigo, ta inda iska ta ɗaye rufi, ba daga ƙasa ya taso ba. Ta ce, "Me ka ce?" Na maimaita a hankali, kalma bayan kalma. Sai ta ja dogon numfashi, irin wanda ake ja don a ji, ta ce, "Yallaɓai, ba na gane abin da kake faɗa. Akwai wani a gidan da ke jin Turanci?"

Babban ɗana yana bakin ƙofa da jakar makaranta a kafaɗa. Ya ji. Ya sunkuyar da kai. Uwargida ta dafa ni ta ce, "Maigida, ƙyale ta don Allah, kada jininka ya hau."

Ban ƙyale ba. Na ce, "Madam, na karanta miki doguwar lamba, ba ki ce in maimaita ba. Na faɗi ranar haihuwata da adireshina, kin rubuta daidai. Sai da na zo kan haƙƙina harshena ya yi miki nauyi?"

Ta ce in na ci gaba da ɗaga murya za ta katse. Allah shaida ne, ban ɗaga ba. Na nemi ta haɗa ni da na gaba da ita. Ta ce za a kira ni. Na ce yaushe? Ta ce, "Akwai wani abin kuma da zan taimaka maka da shi yau?" Kafin in buɗe baki layi ya mutu. Jim kaɗan sai ga saƙo a waya, wai in ba aikin nasu maki. A kan teburin da nake zaune kuma ga takardar sabunta inshora, sun ƙara mini kuɗi.

Wannan mata ta ci mutuncina a gaban iyalina, kuma ban yafe ba tukuna. Amma ita ma'aikaciya ce, an ɗora ta a bakin ƙofa don ta gajiyar da mutum har ya haƙura. Wa ya ba kamfanonin inshora wannan dama? A Texas doka ta yarda kamfanin inshora ya miƙa sabon farashi ya fara karɓa nan take, ba sai ya jira amincewar hukuma ba. Kuɗin inshorar gida ya tashi da kusan kashi 20 cikin 100 a 2023, ya sake tashi kusan haka a 2024. Kuma ba ka da ikon cewa ka fasa, domin bankin da ya ba ka bashin gida ba zai bar ka ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kuma kada wani jami'i ya fito talabijin ya ce Beryl ta zo musu ba zato. A 2017 Harvey ta zubar da ruwan da ya haura mita ɗaya a sassan birnin nan. Cikin dare aka buɗe madatsun Addicks da Barker, ruwa ya shiga dubban gidajen da guguwar kanta ba ta taɓa ba, kuma mafi yawan waɗanda ruwa ya ci ba su da inshorar ambaliya. A 2018 mutanen gundumar Harris, inda Houston take, suka kaɗa ƙuri'a suka amince a ci bashin dala biliyan 2.5 don gyaran magudanan ruwa, wato jama'a sun yi nasu. Gwamnatin tarayya ta turo kuɗin kariya daga bala'i na gaba. Da jihar ta tashi rabon kusan dala biliyan 1 a 2021, birnin Houston da gwamnatin gundumar Harris, inda ɓarnar ta fi muni, ba su samu ko dala ɗaya ba. Rijiya ta bayar, guga ya hana. A 2022 ma'aikatar gidaje ta tarayya ta ce tsarin rabon ya nuna wariya ga baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka. Unguwannin wa ke nan? Namu.

A Fabrairun 2021 sanyi ya durƙusar da wutar jihar, wadda hukumomi suka nace sai ta tsaya ita kaɗai, ba a haɗe da sauran ƙasa ba. Mutum 246 suka mutu, a lissafin gwamnatin jihar da kanta. Aka yi zama, aka yi alkawari. A ranar 16 ga Mayun 2024 wata iska ta farfasa gilasan dogayen benaye a tsakiyar birni, ta kayar da manyan turakun wuta. Tun daga ranar taswirar kamfanin wuta ta intanet da ke nuna inda aka ɗauke wuta ta lalace, har Beryl ta zo ba a gyara ta ba. Kun tuna abin da muka koma yi? Manhajar gidan cin abinci na Whataburger muke buɗewa, mu duba wane reshe ne a buɗe, don mu gane unguwar da wuta ta dawo. A birni na huɗu mafi girma a Amurka! Daga baya muka ji kamfanin wuta ya kashe kusan dala miliyan 800 wajen hayar janaretoci, mafi yawansu manya ne da ba su ɗaukuwa cikin gaggawa, suna ajiye lokacin da tsofaffi ke suma a ɗakunansu. A takardar wutarmu aka riƙa cire kuɗin.

Ranar da guguwar ta sauka, Gwamna Greg Abbott yana Asiya, yana rangadin kasuwanci a Taiwan da Koriya ta Kudu da Japan. Mataimakinsa Dan Patrick da shugaban ƙasa na lokacin, Joe Biden, suka shiga cacar baki a kan wa ya nemi wa a waya, mu muna kwana a mota. Da yawa daga cikin waɗanda suka rasu ba iska ce ta kashe su ba, ba ruwa ba ne. Zafi ne, kwanaki bayan sama ta washe, a gidajen da ba wuta. Asibitoci suka cika da waɗanda suka shaƙi hayaƙin janareto. Waɗannan rayuka ba za a jingina su ga guguwa ba, sakaci ne ya ci su. Sannan aka ce mutum ya cika takardu a intanet, a wayar da ba caji, don ya samu tallafin gaggawa na dala 750, kuɗin da ko abin da ya ruɓe a firiji da 'yan kwanakin otal ba zai mayar ba.

Mu ma jama'a ba mu kuɓuta ba. Wasu suka ninka kuɗin ƙanƙara da janareto. 'Yan damfara suka bi gida gida da sunan masu gyaran rufi, su karɓi kafin alƙalami su ɓace. Wasu suka huce haushinsu a kan ma'aikatan gyaran wayoyin wuta, bayin Allah da suka baro iyalansu daga wasu jihohi suna aiki cikin rana, har da masu nuna musu bindiga. Mu baƙi kuma cutarmu ita ce shiru. A masallaci kowa ya ce alhamdulillahi, a waya mu ce wa 'yan uwa na gida lafiya lau, don kada a ce wane yana Amurka yana kwana ƙarƙashin tamfol. Kamfanonin nan sun san ba ma kai ƙara, ba ma ɗaukar lauya, ba ma zuwa zaman majalisar gunduma. Da wannan shirun suke lissafin ribarsu.

A 1900 guguwa ta kashe aƙalla mutum 6,000 a Galveston. Cikin shekara biyu mutanen wancan zamani suka fara gina katangar teku, kuma tana nan tsaye tana tare igiyar ruwa. Mu kuwa tun bayan guguwar Ike a 2008 ake maganar shingen da zai kare mashigin Galveston da matatun mai da miliyoyin mutanen da ke bayansa. Sai a ƙarshen 2022 majalisar dokokin Amurka ta amince da aikin, aka ƙiyasta shi dala biliyan 34, aka bar shi ba kuɗin ginawa. Abin da hukuma ta tanadar mana a bana shi ne sanarwa a rediyo: ku sayi ruwan kwalba, ku sayi batir da tocila, ku duba takardun inshorarku.