Waya guda ta makantar da motar kashe gobara

Wallahi abin nan ya kai ni bango. Sana'ata gyaran wutar mota, kuma cikin motocin da ake kawo mini har da na 'yan kwana-kwana. Akwai wadda ke hannuna yanzu, inji lafiya lau, famfo na tura ruwa yadda ake so, amma da magariba ta yi shi ke nan, ba ta da ido. Manyan fitilun da ke haska wurin gobara sun daina kamawa saboda wayar da ke kai musu wuta ta tsinke, kuma an rasa irinta a sayo.

Fitilun nan a kan sanda suke, sanda mai zugewa, a ɗaga ta sama ta haska fili, in an gama a mayar da ita. Shi ya sa wayarsu naɗaɗɗiya ce kamar ta tsohuwar wayar tarho, sai dai ta fi ta kauri nesa ba kusa ba. In sanda ta tashi ta miƙe, in ta sauka ta koma ta dunƙule. Miƙaƙƙiyar waya ba ta yin wannan aikin: ko ta gaza tsawo ta fizge daga haɗi, ko ta yi rara ta maƙale a gaɓar sandar ta yanke. Ranar Maris da Afirilu da ke wuce digiri 40 a nan Arewa ita ta busar da robar tamu. Ka lanƙwasa ta kaɗan sai ta tsage, jan ƙarfen ciki ya leƙo, ya yi kore saboda ruwa.

Na shiga kasuwa na fita, na yi waya Kaduna, na aika hoto Legas. Duk wanda na nuna wa sai ya miƙo mini wayar tirela, wadda ke haɗa kai da bodi, ya ce, "Oga, ai duk ɗaya ne." Ba ɗaya ba ne! Ta tirela zare bakwai ne a ciki don birki da sigina da fitilar baya, kaurinta ma ba zai shiga ramin sandar ba. Wani kuma ya ɗauko siririya ta cajar waya, yana rantsuwa za ta ɗauka. Lissafin ba ɓoyayye ba ne. Motar nan batirinta volt 24 ne, fitila mai watt 240 tana jan amp 10. Ka ɗora wannan a kan siririyar waya, kuma naɗaɗɗiya da zafi ba ya saurin fita daga cikinta, narkewa za ta yi. Wato ka haɗa gobara a jikin motar da aka kira ta kashe gobara.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wadda na samu mai kama da ta gaske. Kauri daidai, naɗi daidai, kuɗi kuma ba kaɗan ba. Na fere bakinta na kankare da wuƙa, sai ga fari fat a ƙarƙashi: alminiyom ne aka yi wa wankan jan ƙarfe. Irin wannan ba ta jure miƙewa da dunƙulewa, karyewa take daga ciki alhali waje na nuna lafiya. Kuma na faɗa wa mai shagon cewa motar kashe gobara za a sa wa. Ya sani, ya sayar mini. Ina tsoron Allah yake?

Sai dillalin da ya shigo da motar. Amsarsa ita ce ba sa sayar da waya ita kaɗai, sai dai a sayi sanda da fitila gaba ɗaya, a biya da dala, a jira jirgi. Sanda lafiyarta ƙalau, fitila lafiyarta ƙalau, don me za a zubar da su? Da na nemi ko lambar kayan ce ya ba ni in nema da kaina, sai ya daina ɗaukar waya.

Masu ba da kwangilar sayen motocin nan su ma da alhaki a wuyansu. A kashe miliyoyi a sayo mota, a yanka kirtani, a ɗauki hoto, amma babu littafin gyara, babu kwali ɗaya na kayan canji a sito.

Wanda bai taɓa tsayawa wurin gobara da dare ba zai ɗauka ai wutar ma haske ce. Hayaƙi ne ke rufe ko'ina, an yanke lantarkin unguwa, ƙasa duk ruwa da kwano da ƙusa da wayoyin da suka faɗo. A nan ake so ɗan kwana-kwana ya ja mesa, ya hau tsani, ya nemo mutum. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a Maris ɗin 2016 cikin dare ta tashi, ta lashe dubban shaguna. Ga kuma hunturu, lokacin da gobara ta fi yawa.

Masu motar sun ce in ɗaure tsohuwar wayar da salatif a lallaɓa. Ba zan yi ba, kuma na faɗa musu ido da ido. Su matsa wa dillalinsu ya kawo waya ta gaske, ko ya ba da lambarta mu nema.