Bature Bai Jefar Da Uwarsa Ba

Tun daren jiya mutum goma sha ɗaya suka turo mini wani faifan bidiyo, kuma kusan kowannensu tambayarsa ɗaya ce, wai abin da aka faɗa gaskiya ne. Ba gaskiya ba ne, kuma raina ya ɓaci ƙwarai da na ga yadda ake ta yaɗa shi ana jinjina wa mai maganar. Mutumin da ya zo Landan ya yi mako biyu tsakanin masaukinsa da kantunan titin Oxford, wanda bai taɓa shiga gidan Bature ya zauna an kawo masa ko ruwan sha ba, shi ne ya koma gida ya tara jama'a yana rantsuwa cewa mutanen Birtaniya da zarar iyayensu sun tsufa sai su kwashe su su zubar a gidan gajiyayyu kamar tsumma, ba su ƙara waiwayarsu sai ranar rabon gado. Wannan ƙazafi ne, kuma kasancewar waɗanda aka yi wa shi ba addininmu ɗaya ba, ba launinmu ɗaya ba, bai mayar da shi halas ba.

Shekara huɗu ke nan ina aikin kula da tsofaffi a arewacin Ingila. Na yi na bi gida-gida, inda nake shiga gida shida ko bakwai a yini, yanzu kuma ina wani gidan kula da tsofaffi. Da hannuna na yi wa iyayen mutane wanka, na ba su abinci a baki, na zauna kusa da wasu har ransu ya yi halinsa. Saboda haka abin da zan faɗa ganau ce ni a kansa.

A ƙidayar jama'a da aka yi a Ingila da Wales a shekarar 2021, cikin duk mutanen da suka kai shekara 65 zuwa sama, kashi 2.5 cikin ɗari ne kawai suke zaune a gidajen kula da tsofaffi, wato mutum dubu 279 ko ƙasa da haka kaɗan. Sauran kusan duk suna cikin gidajensu ko tare da danginsu. Wannan ƙidaya dai ta samu kimanin mutum miliyan 5 da suke kula da wani nasu tsoho, ko mara lafiya, ko mai naƙasa, ba a matsayin aikin albashi ba. Wanda ya ba da awa 35 a mako yana jinyar wani nasa, idan ya cika sharuɗɗa, alawus ɗin da gwamnati take ba shi bai kai fam 90 a mako ba, kuɗin da ba zai biya hayar ɗaki ɗaya ba. Na san matan da suka ajiye aikinsu na albashi mai tsoka suka koma kan wannan ɗan abu don kawai su zauna da uwarsu. Su ne mai bidiyo ya kira marasa imani.

Abin da bai gane ba, kuma ba zai gane shi cikin mako biyu ba, shi ne cewa a al'adar mutanen nan tsohon ne da kansa ba ya son komawa gidan ɗansa. A wurinmu girman tsoho shi ne ya zauna a zaure 'ya'ya da jikoki suna kewaye da shi, ana kawo masa kwano. A wurinsu girman tsoho shi ne makullin gidansa yana aljihunsa, shi yake sayo burodinsa da madararsa, shi yake kula da ɗan lambun da ke bayan gida, ba ya jiran kowa ya ce masa lokacin barci ya yi. Maganar da na fi ji daga bakinsu ita ce ba sa so su zame wa 'ya'yansu kaya. Na taɓa kula da wata tsohuwa mai shekara 91 wadda 'yarta ta gyara mata ɗaki a ƙasan gidanta, ta sa gado na musamman da maƙallan bango a banɗaki, ta yi roƙo har da kuka. Tsohuwar ta ce a gidan da ta shiga tana amarya a nan za ta mutu, kuma a nan ta mutu. Kullum da yamma 'yar tana tuƙa mota kusan awa guda bayan ta tashi daga aiki don ta ga ko uwarta ta ci abinci. Da mai bidiyo ya leƙa ta taga ya ga tsohuwa ita kaɗai gaban talabijin, da ya ce an jefar da ita.

Wannan ɗabi'a kuwa ba yau ta fara ba, kuma ba lalacewar zamani ce ta kawo ta ba. Masana tarihi da suka bi tsofaffin rajistocin coci-coci sun gano cewa tun ɗaruruwan shekaru kafin zuwan masana'antu, gidan mutumin Ingila ƙaramin gida ne na miji da mata da 'ya'yansu, kuma matasa sukan bar gaban iyaye su tafi aikatau ko koyon sana'a tun kafin aure. Daga baya, bayan dokar talakawa ta 1834, tsohon da ba shi da kowa kuma ba shi da komai gidan aikin talakawa ake kai shi, inda ake raba miji da mata kowa da ɓangarensa, kuma tsoron wannan wuri ya daɗe a zukatan mutane har bayan an rufe shi. Shi ya sa lokacin da aka fara biyan fansho a watan Janairu na 1909, sule biyar a mako ga talakan da ya kai shekara 70, wanda ake karɓa a gidan waya, tsofaffi suka ɗauke shi a matsayin 'yanci, domin ya ba su damar zama a ɗakinsu ba tare da miƙa hannu ba. A 1948 aka soke dokar talakawa gaba ɗaya, a shekarar kuma aka kafa hukumar lafiya ta ƙasa wadda ake kira NHS. Tsofaffin da nake kula da su yanzu a cikin wannan tsari suka girma, kuma da wannan tunani suka tsufa.

To su waye ake kaiwa gidan kula? Mafi yawansu masu ciwon mantuwa ne, abin da muke kira gigin tsufa, ko waɗanda shanyewar jiki ta kai su ga buƙatar mutum biyu da na'urar ɗagawa kafin a juya su a kan gado. Tsohon da yake kunna murhun gas ya manta, wanda yake buɗe ƙofa ƙarfe uku na dare cikin sanyin Disamba ya fita da rigar barci yana neman makarantar da ya yi tun yana yaro, wanda ya daina gane 'yarsa har yana dukanta don ya zaci ɓarauniya ce. Gidajen jama'a a nan ƙanana ne, da yawansu ɗaki biyu a sama biyu a ƙasa da ƙunƙuntar matakala, miji yana aiki mata tana aiki, babu kishiya, babu matar ƙane, babu 'yar riƙo da za a bar wa tsoho. Ranar da ake kawo irin wannan tsoho wurinmu, wanda yake kuka a filin ajiye motoci shi ne ɗan da ya kawo shi. Na gani ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba.

Batun gado kuwa a nan ne ƙaryar ta fi fitowa fili. A Ingila duk wanda dukiyarsa ta haura fam 23,250 shi zai biya kuɗin kularsa gaba ɗaya, kuma idan ya koma gidan kula dindindin, ba mata ko miji da ya rage a gidansa, yawanci har gidan ake sawa cikin lissafi. Kuɗin kuwa a wurare da yawa ya haura fam 1,000 a mako. Ma'ana ɗan da ya kai uwarsa gidan kula, sau da yawa gidan da zai gada ne ake sayarwa a biya, shekara uku ko huɗu kuɗin ya ƙare. Da mai kwaɗayin gado ne, da ya bar ta a gida ta ƙarasa a wulaƙance. Wanda ya kawo ta ya zaɓi lafiyarta a kan rabonsa, kuma shi ne ake zagi a bidiyon da mutane dubbai suka kalla.

Na san za a zo ƙarƙashin wannan rubutu a ce ai akwai kaɗaici a ƙasar. Akwai shi, kuma ban ɓoye ba. Har minista aka naɗa don wannan matsala a watan Janairu na 2018 a zamanin Firayim Minista Theresa May, kuma ni kaina na san tsofaffin da ni kaɗai suke magana da ita a yini. Akwai kuma 'ya'yan da ba sa zuwa, kamar yadda akwai su a kowace ƙasa. Amma samun wasu marasa kirki a cikin al'umma daban, a ce al'adar al'ummar ce jefar da iyaye daban, kuma wannan na biyun shi ne abin da aka faɗa. Za a kuma ce na zauna da Turawa na koyi son su. Wannan ba amsa ba ce ga ko ɗaya daga cikin abubuwan da na lissafa, don haka ba zan tsaya a kansa ba. Ni ban ce mu kwaikwayi tsarinsu ba, kuma uwata in Allah ya yarda a gabana za ta tsufa. Sai dai kafin mu yi alfahari mu tuna cewa a wasu garuruwanmu tsohuwar da gigin tsufa ya kama tana sambatu, mayya ake ce mata, yara su bi ta da jifa. A nan an san ciwo ne, an san sunansa, kuma ana koya wa ma'aikaci yadda zai yi mata magana ba tare da ya firgita ta ba.

Lokacin annobar korona a 2020 an hana shiga gidajen kula, kuma abokan aikina da suka ga wannan lokaci har yau suna ba da labarin yadda mutane suke zuwa su tsaya a waje cikin ruwan sama, su ɗora tafin hannu a kan gilashin taga, uwa daga ciki ta ɗora nata. A gidan da nake yanzu, ranar Lahadi da rana da ƙyar ake samun wurin ajiye mota, domin ranar ce ake cin gasasshen nama da dankali tare da iyali, kuma wasu sukan zo su ɗauki tsohonsu su kai shi gida ya ci su dawo da shi. Akwai wani dattijo mai shekara 84 da yake hawa bas biyu kowace safiya ya zo wurin matarsa wadda ta shekara biyu ba ta san ko shi wane ne ba. Yakan zauna ya taje mata gashi, ya karanta mata jarida, sai an zo ba da shayin yamma sannan ya tafi.

Shayin nan ma, tun da na ambace shi, 'yan uwana da suka shigo wannan aiki su daina ɗaukarsa ƙaramin abu. Kada ki haɗa musu irin namu na mai shayi, da madarar gwangwani da sukari cokali huɗu. Ruwan sai ya tafasa sosai, a bar ganyen ya jiƙa minti biyu ko uku, a zuba ɗanyar madara mai sanyi kaɗan, kuma a tambayi kowa sukari nawa yake so, ko da jiya an tambaye shi. Matar dattijon nan da ta manta sunan mijinta, idan aka kawo mata shayin da madara ta yi yawa a ciki takan ture kofin ta ɗaure fuska, kuma shi ne yake tashi ya je kicin ya sake haɗa mata da hannunsa.