Mawaƙanmu sun bar makokin gida sun tafi na maƙwabta

Jama'a zan faɗi abin da ke raina kan waƙoƙin da matasanmu ke rubutawa yanzu a Yamai, masu slam da masu zubawa a Facebook, wanda ya ji haushi ya yi haƙuri. Waƙar zamani ko'ina ka duba maganar launin fata ce da mutuwa da lalacewar ƙasa, kuma wallahi duk namu ne, amma sai ka ga yaron da ya tashi a Boukoki yana baiti kan ƙanƙarar da ke narkewa can ƙarshen duniya, alhali in ya tsaya bisa gadar Kennedy a watan Mayu zai ga yadda yashi ya cinye cikin kogin Isa har yara na buga ƙwallo inda da jirgin masunta ke bi.

Su mawaƙa Senghor da Césaire da suka tada Négritude, tafiyar adabi ta alfahari da baƙar fata, a Paris a shekarun 1930, abin da ke cin su suka rubuta, shi ya sa har yau ake karanta su a lakwal. Ba laifi ba ne a yi wa George Floyd, baƙar fatar da ɗan sanda ya kashe a Amurka, waƙa, zalunci zalunci ne. To amma Oktoban 2013 fa? Mutum 92, yawancinsu mata da ƙananan yara, akasari daga Kantché, mota ta lalace musu arewa da Arlit a hanyar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su. Me ya fitar da uwa da goyo zuwa bara a ƙasar wasu in ba gonar da ta daina cika rumbu ba? Waɗanda suka tsallake kuma baƙar fatarsu ce ke jiran su can, duk mun ga bidiyon gwanjon mutane a Libiya a 2017. Ƙasa ta gaji, mutum ya fita, hamada ta ci shi ko a wulaƙanta shi, labari ɗaya ne ba uku ba.

Wanda ya fi yi mana nauyin baki shi ne zaluncin cikin gida, wato bauta. A 2008 kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ba Hadijatou Mani gaskiya, yarinyar da aka sayar a matsayin baiwa tana shekara 12 a jihar Tawa. Har gobe akwai gidajen da ake fasa aure don an ce asalin yaro bayi ne, zagin Bature kuwa ba ya jawo wa kowa faɗa da kawunsa.

Magabata ba su yi wa mutuwa kwana-kwana ba, Nana Asma'u in ta yi marsiyya sunan mamacin take kamawa da halinsa. Kakanninmu ma yunwar 1984 suna suka sa mata, El Buhari. Ku je ku zauna da matan Keita da suka yi dakon duwatsu a kai suna tare ruwa bisa tsauni, da yawansu na nan da ransu, ku tambaye su irin itatuwan da suka sani suna yara.