In ba za ka sayi shida ba, ka bar kuhli a wurin mai shi

Jama'a, tun da sha'awar ajiye kifi a tankin gilashi ta fara shiga gidajen Bauchi, akwai wata magana da nake yawan ji a bakin masu sayarwa wadda ba ta kwanta mini ba. Mutum zai gama zaɓar kifayensa masu launi, sai a ce masa: "Alhaji, ƙara da wannan guda ɗaya, shi zai riƙa cinye maka dattin ƙasan tanki." Sai a kamo wani ɗan kifi da ake kira kuhli ƙwaya ɗaya tal a ƙulla a leda. Kuhli ba ya cin kashin kifi. Sannan ba a ajiye shi shi kaɗai.

Ga wanda bai taɓa ganinsa ba: siriri ne, dogo, tsawonsa ba ya wuce santimita 10, jikinsa ruwan ɗorawa da zobba baƙaƙe, bakinsa da gashi irin na tarwada. Yara suna gani za su ce ɗan maciji ne, wasu iyayen gidan ma sai an yi da gaske kafin su yarda a shigo da shi falo. Asalinsa ƙoramun daji ne na Indonesiya da Malesiya, inda ruwa ke tafiya a hankali ƙarƙashin inuwar itatuwa, ƙasan cike da rairayi da ruɓaɓɓen ganye. A 1846 masanin kifin nan na Faransa, Valenciennes, ya yi bayaninsa a kimiyyance, aka sa masa sunan Heinrich Kuhl, wani matashin Bajamushe mai binciken halittu da ya rasu a tsibirin Jaba na Indonesiya a 1821. Da wuya yake hayayyafa a tanki, shi ya sa galibin waɗanda ake sayarwa kamo su aka yi daga ruwan ƙasarsu. Wato wanda ke cikin ledar nan ya ƙetare teku a jirgin sama, ya sha wahalar mota har ya iso Bauchi. Kuma in ya samu kulawa yana iya kai shekara 10 a raye.

To me ya sa nake cewa shida? Domin kifi ne mai tsoro, kuma da dare yake harkarsa. In shi kaɗai ne, zai shige ƙarƙashin dutse ya lafe, ka yi makonni ba ka sa shi a ido ba, har ka ɗauka ya mutu. In suna da yawa sai hankalinsu ya kwanta. Za ka same su sun cusa kai rami ɗaya, wannan a kan wannan, wutsiyoyi a waje. Da magariba, in ka rage hasken ɗaki, sai su fito suna tonon yashi suna zagaye gilashi da gudu. Abin da ake sayen kuhli dominsa ke nan, kuma mai guda ɗaya ba zai taɓa ganinsa ba. Ya kashe kuɗinsa, kifin kuma yana zaune cikin firgici.

Na san abin da wani zai ce: "Malam, a wannan tsadar rayuwar wa ke da kuɗin kifi shida na kallo?" Gaskiya ne, kuma ban ce dole ba ne. Babu wanda ya wajabta wa kowa ajiye kifi. Amma duk wanda ya tsare dabba, cinta da shanta da lafiyarta sun hau kansa. Tun muna yara aka karantar da mu hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. Kifi ba ya kuka, shi ya sa muke mantawa yana cikin wannan lissafi.

Abinci sai ka ba shi nasa, wanda ke nutsewa ƙasa, kuma bayan an kashe fitilar tanki, in ba haka ba na sama su cinye kafin ya fito. Yana son ƙananan tsutsotsi. Tana ma, tsutsar nan ta ƙasa, in an wanke an yayyanka ƙanana yana ci. Kaɗan ake zubawa.

Maganar ƙasan tanki kuwa, nan ne na fi ganin ɓarna. Ana son tsakuwar nan mai fenti, ja da shuɗi, saboda tana ɗaukar ido a hoto. Shi kuwa kuhli da baki yake tona ƙasa, yana zuƙar yashi yana fitarwa ta gefen kai. Tsakuwa mai kaifi tana cinye gashin bakinsa, ta kankare masa ciki, ciwo ya shiga. Rairayi mai laushi yake so, wanda aka wanke har ruwan ya fito garau. Ka jefa masa ƙoƙon kwakwa, ko fasasshiyar tukunyar ƙasa da aka goge bakinta, ko guntun fayif. Duk wannan bai kai kuɗin tsakuwar fentin ba. Abin mamaki, yawan maɓoya shi ke sa su yawan fitowa.

Sai babbar matsalarmu a nan, zafi da wuta. Kuhli yana son ruwa mai ɗumin digiri 24 zuwa 30. Wanda ya taɓa shiga ruwan Wikki a Yankari ya san ɗumin digiri 31. To wannan ya riga ya ɗan haura abin da kifin ke so. Yanzu ka tuna yadda ɗaki mai rufin kwano yake a watan Maris da Afrilu. Ruwa in ya yi zafi iskar da ke cikinsa raguwa take yi, kuma daidai lokacin ne ake ɗauke wuta famfon iska ya tsaya. Ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a cikin filta, wato matatar ruwan tanki, waɗanda ke sarrafa gubar amoniya da ke fita daga kashin kifi, su ma in ruwa ya daina bi ta kansu na tsawon sa'o'i sai su fara mutuwa. A dawo da wuta, mai gida yana murna, filta kuwa tana watso ruɓaɓɓen ruwa. In ba ka da sola ko inbata, aƙalla ka tanadi ƙaramin famfon iska mai batir. Ka kawar da tankin daga taga. Ƙaramar fanka da ke hura saman ruwa tana sauke zafin da digiri 2 ko 3. Da hunturu kuma abin juyewa yake: daren Disamba da Janairu ruwa yana yin sanyin da sai an sa hita. Ƙaramin tanki ya fi saurin ɗaukar zafi da sanyi, don haka ni ba na ba kowa shawarar ƙasa da lita 70.

Ruwan famfo na madatsar ruwa ta Gubi ruwan sha ne da aka sa wa kulorin, mu ba ya cutar da mu, amma yana ƙona wa kifi wurin numfashi. A sa maganin kashe kulorin kafin a zuba. Na burtsatse kuwa kowanne da halinsa, sai an gwada, domin kuhli ya fi son ruwa mara gishiri da kanwa. Kada a juye ruwan tanki gaba ɗaya a wanke da omo kamar yadda wasu ke yi; kashi ɗaya cikin huɗu a mako ya isa. Sabon tanki kuma sai ya yi mako 4 zuwa 6 yana aiki kafin kuhli ya shiga.

'Yan'uwa masu kiwon tarwada, ku yi haƙuri, dabararku ta watsa gishiri a ruwa ba ta nan ba ce. Ɓawon jikin kuhli ƙanana ne ƙwarai, a kansa ma babu ɓawon, saboda haka gishiri da magungunan da ke ɗauke da tagulla suna saurin yi masa illa. Ka kuma rufe saman tankin ruf, ka ɗaura soso a bakin bututun filta, domin duk kafar da ya gani sai ya gwada shiga. In za ka kama shi, yi da kofi ko roba, yana da 'yar ƙaya a ƙasan ido da ke sarƙewa a raga.

Masu sayarwa, don Allah ku riƙa tambayar mai saye girman tankinsa da abin da ya shimfiɗa a ƙasa kafin ku ƙulla leda. Wanda ya zo da tulun gilashi na lita biyar, ku gaya masa kuhli ba nasa ba ne, ko da ciniki zai wuce ku a ranar.