Gwanayena na 2020, shekarar da kallo ya dawo tsakar gida

Duk ƙarshen Disamba sai shafukan sada zumunta su cika da jerin gwanaye: fim ɗin shekara, waƙar shekara, jarumar shekara. Ban cika tsoma baki ba, don na san yadda ake haɗa yawancinsu. A leƙa YouTube, a ga wanda ya fi tara masu kallo, a naɗa masa rawani. Bana dai zan yi nawa, kuma da wani mudu daban zan auna. Tambayar da na yi wa kaina ɗaya ce: me ya tara mutanen gidanmu wuri guda a lokacin da ba mu da wurin zuwa?

Tun daren 16 ga Afrilu da aka rufe Kano saboda korona, komai ya tsaya cak. Sinimar Ado Bayero Mall a garƙame, gidajen kallon ƙwallo a garƙame, ƙwallon ma Turawa sun dakatar da ita. Azumi ya same mu a kulle, Ƙaramar Sallah ta zo babu hawa, babu ƙarar bindiga ko algaita. Kasuwar faifan CD kuwa, wadda ta riƙe Kannywood shekara da shekaru daga Ƙofar Wambai, ta daɗe da doguwar suma tun kafin cutar. Korona mayafi kawai ta zo ta ja mata. Abin da ya rage mana shi ne akwatin talabijin da wayar hannu.

A waƙa ba ni da dogon tunani, Jarumar Mata ta Hamisu Breaker ce. Ba zan ce ta fi kowace waƙa zurfin baiti ba, amma ita ce ta shiga inda ba a gayyace ta ba. A makon Sallah mata suka riƙa taka rawarta a gaban mazajensu cikin falo, ana ɗauka ana watsawa a intanet, malamai suka yi ca a kan lamarin. A ganina masu faɗan suna da gaskiya a wuri guda, wato abin ɗaki ba na kasuwa ba ne. Inda na rabu da wasunsu shi ne yadda suka nuna kamar bana matar Bahaushe ta fara yi wa mijinta rawa. Kakanninmu sun yi, ƙofa ce kawai suke sakayawa. Ni dai shaidar da ta gamsar da ni a gida na same ta. Wata rana da hantsi na tarar da Hajiyarmu tana tsince shinkafa a faifai, tana bin amon waƙar ƙasa-ƙasa ta hanci. Na ce, "Hajiya, ashe ke ma?" Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Kai, tafi can. Yaran maƙwabta ne suka cika min kunne da ita."

A fim mai dogon zango, Labarina na Aminu Saira na ba. Tun da Arewa24 ta fara haska shi a tsakiyar shekara, daren da ake nuna shi ya zama wani abu a gidanmu. Tun la'asar ƙanwata za ta fara bi na: "Yaya, akwai mai a janareta kuwa?" Don an taɓa ɗauke wuta ana tsakiyar rigimar Sumayya da Mahmud, masoyan cikin shirin, muka ƙarasa kallon washegari a wayata, an jingine ta da filas ɗin shayi, mutum bakwai kai a haɗe kamar masu cin tuwo a akushi ɗaya. Abin da ya ja ni ba soyayyar ba ce, wannan mun gan ta sau ɗari. Sauti ne mai fita tas, hoto mai tsabta, da kuma mutanen gefe waɗanda aka ba su rai. Rabi'u Rikadawa a matsayin Baba Ɗan Audu ya isa misali. Kowace unguwa tana da irin wannan tsoho mai bakin zuma da matacciyar zuciya, shi ya sa da ya bayyana Hajiya take ajiye carbi ta ce, "Allah ya shirye ka, bawan Allah," kamar yana jin ta.

Izzar So na Lawan Ahmad na cire masa hula, ko da bai zama gwanina ba. Shi ya nuna wa 'yan fim cewa mutum zai iya buɗe tasharsa a YouTube, ya saki shiri duk mako, jama'a su bi shi ba tare da ya durƙusa wa ɗan kasuwa ko gidan talabijin ba. Ƙorafina a kansa shi ne jarumin labarin, Umar Hashim, ya cika tsarki. Mutumin da ba ya kuskure, nasiha kawai yake yi, yakan gajiyar da mai kallo. Kwana Casa'in kuwa na majalisar ƙofar gida ne, inda har yanzu ake musun wane gwamna na gaske Sani Mu'azu yake kwaikwayo a rigar Bawa Maikaɗa na jihar Alfawa. Kowa gwamnan jam'iyyar da ba tasa ba yake nunawa.

To amma wannan sabuwar hanya da ta ceci masana'antar tana ɗauke da cutarta, wato jan labari. Dalilin a fili yake. YouTube da talla take biya, tallar kuma tana bin yawan masu kallo da tsawon zamansu. Abin da ake biya kan mai kallo a Najeriya bai kama ƙafar na mai kallo a Ingila ko Amurka ba. Ga masu tura fim a waya a bakin kasuwa, su sauke shiri sau ɗaya su tura wa mutum hamsin, furodusa ko sisi bai gani ba. Saboda haka dole ya fitar da sabon kashi duk mako, dole kuma ya yi tsawo. Sai ka ga an buɗe get, mota ta shigo, an rufe get, direba ya zagayo ya buɗe ƙofa, Alhaji ya fito ya gyara babbar riga, a shiga gaisuwa ta minti uku, sannan a tuno maka abin da ka riga ka gani makon jiya. Datarka kuma tana ƙonewa. Na ƙirga a wani shiri da ba zan kama sunansa ba, abin da ya faru a kashi huɗu bai wuce a faɗe shi a numfashi biyu ba.

Maganin ba sabuwar kyamara ba ce. Fim mai dogon zango sana'ar marubuci ce kafin ta zama ta darakta ko jarumi. Kano kuma ba ta rasa marubuta ba. Tun shekarun 1980 mata da maza suke rubuta littattafai kashi-kashi, suna sa mai karatu ya koma kasuwa neman na biyu da na uku. Sun san inda ake yanke labari a bar mutum da ƙishi. Amma a kasafin fim, marubuci ne ake tunawa da shi bayan an gama lissafin kuɗin abinci da na hayar mota. Duk furodusan da yake son a ci gaba da kallonsa a 2021, to ya fara zama da mai alƙalami, ya san ƙarshen labarinsa kafin ya ɗauki fitowar farko.

Akwai fim ɗaya da ban sa a jerina ba, kuma rashin sa shi yana damuna. A Disambar 2020 The Milkmaid na Desmond Ovbiagele, wanda aka ɗauka a Taraba kuma yawancinsa da Hausa, ya lashe kyautar fim mafi kyau a gasar fina-finan Afirka ta AMAA, Maryam Booth ta samu ta mataimakiyar jaruma, an kuma zaɓe shi ya wakilci Najeriya a gasar Oscar, a rukunin fina-finan ƙasashen waje. A 2019 an cire fim ɗin Najeriya mai suna Lionheart daga wannan rukuni ne saboda Turanci ya yi masa yawa, bana harshenmu ne ya riƙe tutar. Sai dai a unguwarmu labarin kyautar muka ji a rediyo, fim ɗin bai iso mu ba. Da na ba Hajiya labari, tambaya ɗaya ta yi min: "A wace tasha ake nuna shi, kuma ƙarfe nawa?" Na ce ba a fara ba tukuna. Ta ce to in an fara in faɗa mata, yanzu dai in tashi in je gidan mai da jarka tun layi bai yi tsawo ba, yau ranar Labarina ce.