Kafin ka buɗe ordinatar, je ka zauna da mai amfani da manhajar

Ƴan uwana masu rubuta kod a nan Damagaram, akwai maganar da ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya. Muna son manhajojin nan da kod ɗinsu yake a buɗe, kowa ya ɗauka ya gyara kyauta, ni ma wallahi ina son su, amma wa yake faɗin abin da za a gina a ciki?

A kamfani akwai wanda ake biya albashi don ya tambayi kwastoma buƙatarsa ya rubuta. A aikin sa kai babu wannan mutumin. Linus Torvalds ya fara Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, a 1991 ne don kwamfutarsa shi kansa, kuma har yau yawanci haka abin yake, mutum ya gina abin da ya dame shi, sauran su zo GitHub, shafin intanet da ake ajiye kod, su kai kuka, wanda ya samu lokaci ya ɗauka, wanda ba a ɗauka ba ya kwana nan shekara da shekaru. Manyan ayyukan sun sa tsarin kawo shawara. Harshen rubuta kod na Python na da nasa mai suna PEP tun 2000, na Rust na da RFC tun 2014, sai ka rubuta shawararka da dalilinta a yi ta muhawara a fili kafin a amince. Tsari ne mai kyau, amma duk da Turancin Ingilishi ake yi, mu kuma Faransanci muka yi a lakwal.

To ita malamar asibitin da ke wani ƙauye wajen Magarya tana shigar da alƙaluma a DHIS2, manhajar tattara bayanan lafiya, yaushe za ta buɗe GitHub? Kukanta a gurup ɗin WhatsApp yake ƙarewa. Kuma matsalolinmu ba wanda zai hango su daga Turai. Fom ya ce dole sai ka sa rana da watan haihuwa, alhali takardar dattijo cewa ta yi an haife shi wajen 1960, shi ya sa kowa ya koma ɗan 1 ga Janairu. Ka rubuta Ɗanladi da ƙugiya, wani ya nema ba ƙugiya, manhaja ta ce babu shi. Ga rezo da ke zuwa yana tafiya, ga kuran da ake ɗaukewa ana tsakiyar aiki, ga waya ta cika ba wurin ajiya.

Ku dubi ODK, manhajar cika fom a waya, da aka fara a jami'ar Washington a 2008, wanda KoboCollect ɗin da ma'aikatan ƙungiyoyi ke yawo da shi a kansa aka gina shi. Ka cika fom ba rezo, in ka shigo gari ka tura. Don filin aiki aka tsara shi tun farko, shi ya sa ya zauna a wurinmu.

Wannan aikin namu ne, musamman ku ɗaliban jami'ar André Salifou, kuma ba sai ka iya kod sosai ba. Je ka zauna da mai shago a kasuwar Dole ko sakataren makaranta, kar ka ce masa me kake so, zai ce komai lafiya lau don kunya. Kalli hannunsa kawai, inda ya tsaya, inda ya koma ga littafi da biro. Ɗauki hoton allon, rubuta irin wayar da lambar sigar manhajar da matakan da aka bi har abin ya lalace, ka samu mai Ingilishi ya taya ka, ka tura wa masu gina manhajar. In sun yi shiru, bayan sati biyu ka sake taɓo su cikin ladabi, don su ma bayan sun tashi daga wurin aikinsu suke yi.