Mai cin ƙasa gwajin jini take buƙata, ba faɗa ba

Wata ƙanwata da ke da juna biyu ta shafe wata uku tana ɓoye farar ƙasa a ƙarƙashin filo. Idan ta ƙare, sai ta koma kankare bangon ɗakin girki. Da aka gane, kowa ya ce kwaɗayin ciki ne, zai wuce. Sai da jiri ya kayar da ita aka kai ta awo, aka tarar jininta ya yi ƙasa sosai. Tun ranar abin yake ci mini rai, domin kusan kowane gida akwai irinta.

Likitoci suna kiran wannan lalura pika: mutum ya ɗauki wata guda ko fiye yana cin abin da ba abinci ba, kamar ƙasa, gawayi, toka, alli, sabulu ko takarda. Taunar ƙanƙara dare da rana ma tana ciki, kuma ita ce aka fi rainawa, musamman lokacin zafi, saboda wa zai zargi ruwa? Ba a lissafa jaririn da bai kai shekara 2 ba, tunda shi komai baki yake kaiwa. Amma yaro ɗan shekara 6 da ke laɓewa bayan ɗaki yana cin ƙasar suri, wannan ya wuce wasa.

Sau da yawa tushen abin ƙarancin sinadarin ƙarfe ne a jini. Ana yawan ganinsa ga masu ciki, da yara masu sikila, da masu lalurar ƙwaƙwalwa. Abin takaicin shi ne ƙasar da ake ci tana hana hanji tsotse sinadarin da jiki ke nema, sai jinin ya ƙara raguwa, sha'awar ta ƙara ƙarfi. Ga tsutsar ciki, ga taurin bayan gida, wani lokaci har toshewar hanji. Sannan ga dalma. Hukumomin lafiya a Ingila da Amurka sun gargaɗi masu ciki kan irin wannan farar ƙasa da ake kai musu daga Afirka ta Yamma, saboda an samu dalma a ciki. Mu kuwa mun ga aikinta da idonmu: a 2010 yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, bayan ƙurar duwatsun zinare masu ɗauke da dalma ta gurɓata ƙasar tsakar gidajensu.

Akwai kuma wata lalurar cin abinci daban da pika: yaron da ba ya iya cin komai sai abu biyu ko uku, ƙamshi ko santsin abinci yana sa shi yunƙurin amai, har ya rame. Muna ce masa mai tsirfa, muna yi masa ɗure. Tun 2013 likitocin ƙwaƙwalwa suka amince da wannan a matsayin cuta mai zaman kanta.

Don Allah iyaye mata, ku ajiye bulala. Duka ɓoyewa kawai yake koya wa yaro. Yaya, Anti, idan ke ce mai ci, faɗa wa ma'aikaciyar awo baki da baki, ba abin kunya ba ne, ki nemi a duba jininki. Magidanta, ku biya kuɗin gwajin, ku sayo wake da zogale, kuma a daina kora abinci da shayi, yana rage amfanin sinadarin. Idan jini ya dawo daidai amma cin bai tsaya ba, a nemi likitan ƙwaƙwalwa.

Ƙanwata ta sha maganin ƙarin jini. Bayan 'yan makonni, da kanta ta kwaso ragowar ƙasar ta zubar, ta ce ko warinta ba ta so.